Yadda ɗalibin jami'a zai kafa burin kula da lafiyar jikinsa, ya kuma riƙe shi har ƙarshen zango

Sau uku na fara motsa jiki a shekarata ta farko a jami'a, sau uku na watsar. Kullum sai in ce lalaci ne ya ci ƙarfina. Wata rana na buɗe tsohon littafin da nake rubuta ranakun atisaye, sai na lura duk inda rubutun ya tsaya, a makon ne aka fara gwajin tsakiyar zango, ko kuma ayyukan malamai suka taru a kaina. Ashe tsarin nawa na ranakun sarari ne kawai, da karatu ya ɗauki zafi sai ya rasa wurin zama. Daga nan na sauya hanya. Hanyar da zan bayyana ita na bi har na kammala, ita kuma nake ɗora sababbin ɗalibai a kai idan suka nemi shawarata. Zan riƙa cewa "ka", amma 'yar'uwa ɗaliba, duk har da ke.

Kayan da za ka tanada

- Jadawalin laccocinka da kalandar zango, wadda ke nuna ranakun gwaji, jarrabawa da hutu. A cikin kayan nan duka babu kamar wannan.
- Ƙaramin littafi da biro. Manhajar waya ma ta wadatar, sai dai waya gidan shagala ce: ka ɗauka don rubuta minti ashirin da ka yi, ka ɓata minti arba'in kana kallon bidiyo.
- Takalmi mai rufe ƙafa, mai laushin ƙasa. Ba sai mai tsada ba, amma ban da silifas.
- Gorar ruwa da za ta shiga jakarka.
- Agogo mai nuna daƙiƙa, ko na waya.
- Tef irin na tela. Idan babu, doguwar igiya ko zare mai kauri.
- Tawul ko shimfiɗa, da igiyar tsalle idan da hali.

Ba ka buƙatar rajistar gidan motsa jiki a yanzu, ko hodar gina jiki, ko agogon nan mai ƙirga taku. Na ga ɗalibai da yawa da suka fara da sayayya, kayan suka ƙare a ƙarƙashin gado.

Mataki na 1: San inda kake tsaye

Ka ɗauki mako guda cur ba tare da ka canza komai ba. Aikinka rubutu ne kawai: ƙarfe nawa ka kwanta, ƙarfe nawa ka tashi, sau nawa ka ci abinci, lemon kwalba nawa ka sha, awa nawa ka yi a zaune. Kada ka gyara hali don littafin ya yi kyau, babu malamin da zai ba ka maki.

A cikin makon ka auna abu huɗu. Na farko bugun zuciya: da safe kafin ka sauko daga gado, ka ɗora yatsu biyu a wuyan hannunka ta gefen babban yatsa, ka ƙirga na daƙiƙa 30, ka ninka biyu. Ga baligi, tsakanin 60 da 100 a minti shi ne daidai, kuma yakan sauka idan jiki ya saba da atisaye. Na biyu ƙugu: ka zagaya tef tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, bayan ka saki numfashi, ba tare da ka shanye ciki ba. Abin da ake so kada faɗin ya kai rabin tsayinka. Mai igiya sai ya yanke ta daidai tsayinsa, ya ninke ta gida biyu, ya ga ko za ta zagaye shi. Na uku, ka zaɓi hanya ɗaya a cikin makaranta, ka bi ta da saurin tafiya, ka rubuta mintin da ta ɗauke ka. Na huɗu, ka ƙirga sau nawa za ka iya tsugunawa ka miƙe a minti ɗaya.

Gargaɗi tun kafin a yi nisa: mai asma, sikila, ciwon zuciya, ciwon suga ko hawan jini, da mai juna biyu, da duk wanda ya taɓa suma yana cikin wasa, ya fara biyawa ta asibitin makaranta ya ji iyakar da likita zai gindaya masa.

Mataki na 2: Zaɓi buri ɗaya, ka mayar da shi aiki

"Ina so in rage teɓa" fata ne. "Ina so in yi ƙwanji" shi ma fata ne. Ba ka da iko kai tsaye a kan abin da sikeli zai nuna ranar Asabar, amma kana da iko a kan ko ka fita tafiya ranar Laraba. Don haka burin da za ka rubuta ya kasance aikin da za a iya cewa an yi ko ba a yi ba: "Zan yi tafiya da sauri ta minti 30, ranakun Litinin, Laraba da Juma'a, har mako shida."

Ga ma'aunin da za ka nufa. A jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020, baligi mai shekara 18 zuwa 64 yana buƙatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, sannan atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako. Gane bambancin ba wuya: idan kana iya magana amma ba za ka iya rera waƙa ba, matsakaici ne, idan kalma biyu uku kawai kake iya fitarwa sai ka ja numfashi, ka shiga mai tsanani. Minti 150 ɗin nan inda za ka je ne, ba inda za ka fara ba. Wanda littafinsa ya nuna bai taɓa yin komai ba, minti 60 a mako ya ishe shi farawa.

Maganar taku dubu goma a rana da ake ta yayatawa kuwa, asalinta tallar wata na'urar ƙirga taku ce da aka fitar a Japan a 1965, mai suna Manpo-kei, wato ma'aunin taku dubu goma. Adadin ba laifi, amma kada ka ɗauke shi doka. Ƙara taku dubu biyu a kan abin da ka saba yi ya fi maka amfani da bin adadin da za ka cika kwana uku ka gaji.

Babban kuskure a nan shi ne haɗa buri biyar lokaci guda: gudu, daina zaƙi, kwanciya da wuri, ɗaga ƙarfe, shan ruwa. Da ɗaya ya faɗi sai ya ja sauran. Ka ɗauki ɗaya, in ka matsa biyu. Mai son rage ƙiba ya sani cewa rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako shi ne saurin da jiki ke ɗauka lafiya, kuma babu atisayen da ke narkar da kitsen ciki shi kaɗai ya bar na sauran jiki. Duk wanda ya ce maka akwai, yana da abin sayarwa.

Mataki na 3: Nema masa mazauni a cikin jadawali

Ka shimfiɗa jadawalin laccocinka ka nemo ramuka. Ba "da yamma" za ka rubuta ba, domin yamma ba ta da ƙofa. Ka ɗaure atisayen a jikin abin da ba ya motsi: "Da na fito daga laccar ƙarfe biyu ranar Litinin, zan wuce filin wasa kai tsaye." Masanin halayyar ɗan Adam Peter Gollwitzer ya yi bayanin wannan dabara a wani rubutu da ya wallafa a 1999: idan mutum ya ƙayyade lokaci da wuri tun da wuri da sigar "idan kaza ya faru, zan yi kaza", ya fi cika alkawarin da ya ɗaukar wa kansa, saboda ya riga ya gama shawara, ba sai ya sake yin ta a lokacin da ya gaji ba.

Kalmar "kai tsaye" ita ce sirrin. Idan ka ce bari in koma ɗaki in sauya kaya, gado zai kira ka, abokan ɗaki za su ja ka da hira, shi ke nan. Ka saka takalmi da gorar ruwa a jaka tun da daddare.

Idan jadawalinka a cushe yake, kamar na masu karatun likita ko masu yini a ɗakin gwaje-gwaje, ka yanka lokacin gunduwa-gunduwa. Minti goma sau uku a yini yana shiga lissafi. Ka hau bene da ƙafa, ka sauka daga mota kafin a kai ƙofa, ka bi doguwar hanya zuwa laburare. Wanda ke zuwa daga gida yana da wannan damar fiye da mazaunin ɗakin kwanan ɗalibai.

Mataki na 4: Yi tsari biyu, na sarari da na matsi

Nan ne na daɗe ina faɗuwa, don haka zan ɗan tsaya a kai.

Ka ɗauki kalandar zango ka zagaye duk makon da ke da gwaji, jarrabawa ko miƙa babban aiki. Za ka ga sun kai kashi ɗaya cikin uku na zangon, wani lokaci fiye. A waɗannan makonni cikakken tsarinka ba zai yiwu ba, kuma bai kamata ya yiwu ba, karatu ne ya kawo ka. Amma idan ba ka tanadi komai ba, abin da zai faru shi ne ka tsaya cak na mako biyu, jiki ya yi sanyi, sannan kunyar komawa baya ta hana ka dawowa.

Maganin shi ne ka rubuta ƙaramin tsari tun yau, ba a fafe gora ranar tafiya. Nawa minti goma ne: tsugunawa da miƙewa sau ashirin, turin ƙasa (tafin hannu a ƙasa, jiki a miƙe, a sauka a taso) sau goma, tsallen igiya minti biyu, a maimaita har lokaci ya cika. Ko kuma tafiyar minti goma bayan kowace awa biyu ta karatu. Ƙa'idarsa ɗaya: ya zama ƙarami ƙwarai, ta yadda ko a daren jarrabawa mafi wuya za ka ji nauyin cewa ba ka da lokacinsa. Wannan minti goma ba zai ƙara maka ƙarfi ba. Aikinsa ya riƙe maka gurbin, don ranar da aka gama jarrabawa ka ci gaba daga inda kake, ba ka sake farawa daga tushe ba. Kuma ranar da ka yi ƙaramin tsari a makon matsi, ka sa mata alamar cikawa daidai da sauran ranaku. Kada ka rubuta "rabi".

Akwai kuma riba ta gefe: tashi daga kujera a zaga yana dawo da hankali kan takarda. Sau da yawa abin da ya cije mini a lissafi, a kan hanya yake warwarewa.

Mataki na 5: Fara ƙasa da ƙarfinka

Makon farko ka tashi daga atisaye kana jin da sauran ƙarfi a jikinka. Sabon shiga yakan zuba duk zafinsa a rana ɗaya, washegari ya kasa hawa bene, ya ƙi abin gaba ɗaya.

Kowane zama ya fara da ɗumama jiki na minti biyar, tafiya da juya kafaɗu da ƙugu. Mai son ya koyi gudu ya fara da haɗawa: sassarfa ta daƙiƙa 60, tafiya ta daƙiƙa 90, a yi ta maimaitawa har minti 20, sau uku a mako, da hutun kwana ɗaya a tsakani. Duk mako ka ɗan tsawaita sassarfar ka rage tafiyar. A irin wannan tsari mutane da yawa kan kai gudun rabin awa ba tsayawa cikin mako tara. Idan wani mako ya yi maka nauyi, ka maimaita shi, babu mai binka bashi.

Na ƙarfafa tsoka kuwa, nauyin jikinka ya isa:

- Tsugunawa da miƙewa: ƙafafu a buɗe daidai faɗin kafaɗa, ka tura ƙugu baya kamar mai shirin zama a kujera, dugadugai a ƙasa.
- Turin ƙasa: tafin hannu a ƙasa, jiki a miƙe kamar sanda, ka sauka ka taso. In ya gagara, ka dogara da gwiwoyi, ko ka tura bango a tsaye.
- Dogaro da gwiwar hannu da yatsun ƙafa, ciki a ɗaure, daƙiƙa 20 zuwa 30.
- Jan kaya: ka cika jakar baya da littattafai, ka sunkuya baya a miƙe, ka riƙa jawo ta zuwa ƙugu.

Ban da na dogaro, kowanne sau 8 zuwa 12, zagaye biyu ko uku. Ranar da sau 12 ya zama wasa, ka ƙara littafi a jaka ko ka ƙara zagaye. Abu ɗaya ake ƙarawa a lokaci guda, ko nauyi, ko yawa, ko tsawon lokaci.

Wadda ba ta son motsa jiki a idon jama'a, duk waɗannan ana yin su a tsakanin gado da ƙofa, igiyar tsalle da matakalar bene kuma su maye gurbin gudu. A kwanakin al'ada ba dole ne a tsaya ba. A sassauta gwargwadon yadda jiki ya nuna.

Ka koyi bambanta ciwo biyu. Tsamin jiki da ke zuwa kwana ɗaya zuwa uku bayan sabon atisaye ba komai ba ne, tafiya a hankali ma tana rage shi. Amma zafi mai suka a gaɓa, kumburi, ko ciwon da ya sa ka ɗingishi, wannan a huta a nuna wa ma'aikacin lafiya. Ciwon ƙirji, jiri, ko numfashin da ya ƙi dawowa daidai, a tsaya nan take a nemi taimako. Allurai da ƙwayoyin kumbura ƙwanji da wasu ke raɗa wa juna a wuraren ɗaga ƙarfe kuwa, suna lalata hanta, suna taɓa zuciya, suna kuma rage ƙarfin haihuwa. Ko kyauta aka ba ka, ka bar su.

Mataki na 6: Kare barcinka

Da za a ce in zaɓar wa ɗalibi buri ɗaya tak, barci zan zaɓa. Matashi baligi yana buƙatar awa bakwai zuwa tara. A cikin barci ne tsoka ke gyaruwa, a cikinsa ne kuma ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka karanta da rana. Mai kwana a kan takarda har asuba yana zuba ruwa ne a ƙwarya mai huda.

Ka tsayar da lokacin tashi guda ɗaya, har da ƙarshen mako, lokacin kwanciya zai biyo baya da kansa. Ka sa waya caji nesa da gado. Ka lura da kafeyin, sinadarin nan mai hana barci da ke cikin gahawa, shayi da lemon ƙara kuzari: bayan kimanin awa biyar rabinsa yana nan a jiki, don haka abin da ka sha ƙarfe shida na yamma yana aiki har sha ɗayan dare. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ambaci miligiram 400 na kafeyin a rana a matsayin iyaka ga baligi mai lafiya, wato kusan kofi huɗu na gahawa. Idan abokan ɗaki masu hayaniya ne, abin toshe kunne da ƙyallen rufe ido sun fi faɗa sauƙi. Idan dare ya gaza, gyangyaɗin minti 20 da rana yana taimakawa, amma kada ya kai yamma.

Mataki na 7: Gyara abinci da abu ɗaya

Ɗalibi ba shi da cikakken iko a kan abin da zai ci, aljihu da lokaci ne ke yanke hukunci. Saboda haka ban yarda da dogayen dokokin abinci ba. Ka koma littafin makon farko, ka nemo ɓaraka mafi girma, ita kaɗai za ka toshe. Ga mafi yawa lemon kwalba ne: gwangwani mai mililita 330 yakan ɗauki kusan giram 35 na suga, alhali shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce sugan da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin yini, wato wajen giram 50 ga matsakaicin mutum. Ga wasu kuma tsallake karin kumallo ne, sai dare ya yi a cika ciki da soye-soye. Ka samu abin gina jiki a kowane ci, ƙwai, wake, kifi ko madara, ka ƙara ganye da 'ya'yan itace gwargwadon hali. Ruwa kuwa, launin fitsari ne ma'auni: in ya yi duhu, ka ƙara sha.

Idan ka ga ƙirga abinci ya fara mamaye tunaninka, kana jin laifi bayan kowane ci, ko kana horar da kanka da yunwa, ka ajiye wannan burin ka je sashen ba da shawara na makaranta.

Mataki na 8: Sa alama, ka nemi abokin tafiya

Duk ranar da ka cika, ka ja layi a littafi. Kada ka hau sikeli kullum, nauyi yana hawa da sauka saboda ruwa da abinci, zai ruɗe ka a banza.

Ka nemi mutum ɗaya da ƙarfinku ya zo ɗaya, jadawalinku kuma ya yi kama. Wanda ya fi ka nesa ba kusa ba, shi ne zai sa ka ji kai ba komai ba ne. Taron mutum takwas kuma rabin lokacin a jiran juna yake ƙarewa. Idan ba ka samu ba, ka shiga ƙungiyar wasa ta sashenku, ko ka riƙa tura wa wani na gida saƙon "na yi" duk ranar atisaye.

Mataki na 9: Idan ka faɗi, da kuma bita

Za ka tsallake rana, wannan babu makawa. Wani bincike da Phillippa Lally da abokan aikinta suka yi a jami'ar UCL da ke Landan, aka wallafa a 2009, ya bi mutum 96 da ke ƙoƙarin kafa sabuwar ɗabi'a. A matsakaici sai da aka ɗauki kwana 66 kafin abu ya zama jiki, tsakanin kwana 18 ga wasu zuwa 254 ga wasu, kuma tsallake rana ɗaya bai rushe ginin ba. Kwana 66 ya haura rabin zango, don haka kada ka yanke wa kanka hukunci a mako na uku. Dokata ita ce kada a tsallake sau biyu a jere: in na rasa Litinin, to Laraba ko ƙaramin tsarin nan ne sai na yi. Kuma ba a ramuwa. Wanda ya rasa kwana biyu ya ce zai haɗa su a rana ɗaya, rauni yake nema. Bayan zazzaɓi ko wata jinya, ka dawo da rabin abin da ka saba, ka hau a hankali cikin mako guda ko biyu.

Duk bayan mako huɗu ka sake awon nan huɗu na matakin farko, ka ƙirga layukan littafi. Idan ka cika kashi uku cikin huɗu na ranakun, ka ɗan ƙara, ko ka shigo da buri na biyu. Idan bai kai rabi ba, ka duba ranar da ta fi faɗuwa: yawanci za ka tarar lokacin ne bai dace ba, sai ka matsar da shi ko ka rage tsawonsa.

Kafin ka tafi hutun ƙarshen zango, ka rubuta tsarin gida, domin laccar da ka ɗaure atisayenka a jikinta ba ta nan, sai ka nemo wani abin da ba ya motsi a yinin gida ka ɗaure shi a kai. Ranar da sabon jadawali ya fito kuma, ka ɗauko sabuwar kalanda ka zagaye makonnin matsi tun kafin a shiga aji na farko.